Fadar Würzburg: Gidan da Ake Hawa a Hankali

Daga babbar tashar Frankfurt na kama jirgin ƙasa zuwa Würzburg, wani tsohon gari a bakin kogin Main, arewacin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus. Jirgi mai gudu, wanda suke kira ICE, awa ɗaya da 'yan mintoci yake yi. Mai tsayawa tasha-tasha kuwa yakan kusa cin awa biyu, sai dai ya fi sauƙin kuɗi. Akwai tarkon da baƙi ke yawan faɗawa a nan: tikitin yini na jihar Bavariya, Bayern-Ticket, yana da araha ƙwarai, amma ba a hawa ICE da shi, ba ya aiki daga Frankfurt domin ita tana jihar Hessen ne, kuma a ranakun aiki sai ƙarfe tara na safe yake fara ci. Wanda ya taso daga Nürnberg ko Munich shi tikitin zai yi wa rana.

In ka fito daga tashar Würzburg ba ka bukatar mota. Ka miƙe titin Kaiserstraße, ka karya hagu ka bi Theaterstraße, cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin za ka ga fili ya buɗe, ginin yana tsaye a ƙarshensa, launin ruwan ƙasa mai ɗan rawaya, tsawonsa ya kusa mita 170. Sunansa a allunan hanya Residenz. Filin gabansa yanzu wurin ajiye motoci ne, abin da ya rage masa kwarjini ba kaɗan ba. Dā akwai shingen ƙarfe na ado da ya tsare farfajiyar, aikin maƙeri Johann Georg Oegg, aka cire shi a 1821. Maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiya ba ta cikin tsarin asali, a 1894 aka kafa ta.

Mai gidan ba sarki ba ne irin na Faransa ko Ingila. Bishop ne na cocin Katolika wanda kuma shi ke mulkin ƙasar, yana karɓar haraji, yana da sojoji da kotu. Ba a gadon kujerar, manyan limaman babban coci ne ke zaɓe daga cikin 'ya'yan gidajen sarauta. Shekaru aru-aru waɗannan bishop-bishop suna zaune a ganuwar Marienberg da ke kan tudu a tsallaken kogi. Da aka zaɓi Johann Philipp Franz na gidan Schönborn a 1719, sai ya ga zaman kan dutse ya tsufa, masu mulki sun koma gina fadoji a fili irin fadar Versailles ta sarakunan Faransa. An aza harsashi a watan Mayun 1720. Bai ci moriyar gidan ba, ya rasu a 1724, wanda ya gaje shi kuma ya ja wa aikin birki. Friedrich Carl, ƙanen Johann Philipp Franz, shi ne ya tayar da shi gadan-gadan daga 1729, aka kammala ginin har rufi a 1744, adon ciki kuma ya ja har wajen 1780. Wanda aka damƙa wa aikin, Balthasar Neumann, a maƙerar zuba igwa da ƙararrawa ya koyi sana'a, ya shiga rundunar igwa, daga nan ya zama injiniya. Shekarunsa 33 lokacin da aka fara. Manyan masu tsara gini na Vienna da Mainz da Paris duk sun sa baki, kowa da nasa ra'ayi, shi ne ya haɗa kan zane-zanensu ya tsayar da gini ɗaya.

Daga Afrilu zuwa Oktoba ana buɗewa ƙarfe tara a rufe ƙarfe shida na yamma. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa goma na safe zuwa huɗu da rabi, kuma ana daina sayar da tikiti tun kafin lokacin rufewa. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya. Ba a shiga da babbar jaka ko ta goyo, akwai akwatunan ajiya masu kulle, don haka ka riƙe tsabar yuro ɗaya ko biyu a aljihu. Zagayen da ɗan jagora ke yi da jama'a yana cikin kuɗin tikiti, na Jamusanci akai-akai, na Turanci a wasu sa'o'i, ka duba allon da ke wurin sayen tikiti tun kana shiga. Ɗakunan gidan sun haura 300, kusan 40 ake nunawa. Shawarata ka zo da buɗewa. Wajen goma da rabi motocin 'yan yawon buɗe ido na jiragen ruwan kogi ke sauke jama'a, daga nan matakala ta cika da hayaniya da masu ɗaga tuta.

Abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya taka ƙofar shi ne, gidan nan an tsara shi ne a kan tafiyar baƙo. Kamar yadda mai zuwa gaisuwa a fadar sarki ke wuce zaure bayan zaure, kowanne yana ƙara masa nauyin wanda zai gani, haka nan aka jera wuraren: soron shiga, matakala, farin zaure, sannan zauren sarki. Wanda ya bi su a guje ko ya fara daga baya, ya ga kaya amma bai ga gidan ba.

Soron shiga yana da faɗi sosai, rufinsa ƙasa-ƙasa, ga duhu-duhu. Faɗin don keken doki ya shigo har ciki ya sauke baƙo a gindin matakala ya juya ya fita ne, kada ruwa ya taɓa shi. Duhun kuwa da gangan ne. Ido ya saba da shi, sai ka waiga hagu ka ga haske yana gangarowa daga sama.

A nan na fi daɗewa, kuma a nan nake ba kowa shawarar ya kashe rabin lokacinsa. Rufin matakalar baka ɗaya ne, faɗinsa wajen mita 18, tsawonsa ya haura mita 30, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya da ya tallafe shi. Dabarar tana cikin nauyi: ƙasan bakan da bulo aka yi, samansa da wani dutse mai ramuka-ramuka marar nauyi, sannan bangaye masu kauri da ɗaurin ƙarfe suna hana shi buɗewa gefe. Baka in ya yi faɗi kuma bai yi tsayi ba, tura bango yake yi waje, abin da ke kayar da irinsa ke nan. Masu jagora kan ba da labarin cewa abokin hamayyar Neumann daga Vienna ya ce in rufin ya tsaya a rataye shi a ƙarƙashinsa, shi kuma Neumann ya ce a kawo igwa a harba a ciki a gani. Labarin baka ne, amma gwajin gaske ya zo bayan shekara ɗari biyu, zan zo kansa.

Zanen da ya lulluɓe rufin aikin Giovanni Battista Tiepolo ne, mutumin Venice. Bishop Carl Philipp von Greiffenclau ya kira shi bayan wani mai zane daga Milan ya karɓi aikin ya kasa. Tiepolo ya iso a Disambar 1750 tare da 'ya'yansa biyu, Domenico da Lorenzo, ya koma gida a ƙarshen 1753. Zanen matakalar ya kai murabba'in mita 600, ana lissafa shi cikin mafi girma a duniya da aka yi a rufi ɗaya ba yanke.

Ga yadda ake kallonsa. Ka tsaya a matakin farko ka ɗaga kai: sararin sama kawai za ka gani da Apollo, gunkin rana na tsoffin Girkawa, cikin haske. Ka hau a hankali. Kana hawa bakin zanen yana sauko maka, har nahiyar Amurka ta bayyana a gabanka, mace mai hular gashin tsuntsu zaune a kan wani ƙaton kada. A tsakiyar hawa akwai dandali inda matakalar ta rabu biyu ta juyo baya. Tsaya nan ka juya gaba ɗaya. Sai a sannan Turai ke fitowa, can saman ƙofar da za ka shiga, da makaɗa da masu zane da magina, hoton bishop ɗin kansa kuma ana ɗauke da shi sama cikin gajimare. Tiepolo ya auna inda ƙafar baƙo za ta tsaya da inda wuyansa zai juya, ya ajiye mai gidan daidai wurin. Na ga mutane da yawa suna haurawa idonsu a kan waya, sai sun kai sama su fara neman inda za su tsaya, alhali wurin kallon ya wuce su a ƙasa. In haka ta same ka, ka sauka ka sake hawa, ba wanda zai hana ka.

Afirka da Asiya suna dogayen ɓangarori biyu, waɗannan sai ka zagaya barandar sama kake ganinsu da kyau, kowacce daga ɓangaren da ke fuskantarta. Asiya tana kan giwa, kusa da ita akwai wani dutse mai baƙaƙen rubutu, a nan ne Tiepolo ya sa hannu da shekarar 1753. Afirka baƙar mace ce mai kwarjini a kan raƙumi, kewaye da fatake da ƙunshin kaya da hauren giwa, ga jimina da biri, ga wani tsoho mai gemu da ke wakiltar kogin Nilu. Tiepolo bai taɓa taka Afirka ba. Daga littattafan matafiya da baƙin da ke sauka tashar jiragen Venice ya haɗa tasa. Zanen gwanin kyau, matar nan ta fi ta Turai kama ido nesa ba kusa ba, amma saƙon a fili yake: Afirka kasuwa ce da rumbun kaya, ilimi da fasaha an ajiye su ɓangaren Turai, duniya duka kuma an tara ta ne ta yi gaisuwa ga mai mulkin wata 'yar ƙasa da ba ta kai ta kawo ba. Mutum ya kalla da idon nan biyu. Wanda zai je da iyali kuma ya sani akwai siffofi masu ƙarancin sutura a rufin, haka salon zamanin yake.

A ɓangaren Turai ka nemi wani mutum cikin kakin soja zaune a kan bututun igwa, wani babban kare yana shinshinarsa. Neumann ke nan. Ya rasu a 1753, shekarar da aka gama zanen. A kusurwar hagu kuma Tiepolo ya zana fuskarsa da ta ɗansa Domenico. Sai ka lura da kusurwoyin rufin: wasu siffofin rabinsu zane ne, rabinsu filasta ce da ta fito waje, ƙafa ko gefen mayafi yana reto a kan bakin bango. Daga ƙasa ba ka iya raba wanne ne wanne.

Irin wannan zane a kan ɗanyen shafe ake yinsa, shi ya sa yake daɗewa, shi ya sa kuma yake da wuya. Ana fara yi wa rufi shafe mai kauri na farar ƙasa da yashi a bar shi ya bushe. Kowace safiya magini ya shafa wani siriri a kai, iya inda mai zane zai iya gamawa a ranar. A ɗora takardar da aka zana siffar a kai, a bi layukan da tsinke su fito a jikin shafen, sannan a sa launi wanda aka dama da ruwa kawai, ba mai ba danƙo. Farar ƙasa tana shan iska tana komawa dutse, sai ta kulle launin a cikinta. Sa'o'i kaɗan ke gare ka. In shafen ya fara bushewa ba ya karɓar launi, in ka yi kuskure ba gogewa, sai dai a kankare wurin a sake. Launin kuma yakan yi haske bayan ya bushe, don haka dole mai zane ya san yau abin da idonsa zai gani bayan mako, in ba haka ba aikin jiya da na yau su bambanta. Rufin nan aikin yini sama da 200 ne aka jera gefe da gefe, gwaninta ita ce ɓoye mahaɗin a bakin gajimare ko naɗin riga. Da sanyi ba a yi, domin ƙanƙara na lalata ɗanyen shafe. A irin wannan hutun ne Tiepolo ya zana manyan hotuna biyu na mai da ke cocin fadar. Babban abokin gabar zanen ruwa ne: in rufi ya yi yoyo, ruwa ya jawo gishirin cikin bango ya fito fuska, ya tura launin ya ɓarɓashe. Wuraren da aka ƙara launi bayan shafen ya bushe su ke fara zubewa. An yi wa zanen babban gyara tsakanin 2003 da 2006.

Daga matakala sai farin zaure, Weißer Saal. Babu zinariya babu launi, fari ne a kan toka-toka, duk bango da rufi adon filasta ne na Antonio Bossi, wanda ya yi shi a 1744 zuwa 1745: tutoci, makamai, labule, duk da hannu aka murɗa su tun kwaɓin yana ɗanye. Mutane kan wuce shi da sauri. Amfaninsa wanke ido ne, don zauren da ke biye ya buge ka da kyau.

Zauren sarki, Kaisersaal, shi ne maƙurar tafiyar. Ginshiƙai ashirin ne jingine da bango, kowanne ya kusa mita tara, ja-ja kamar marmara, amma ba marmara ba ne. Kwaɓin jibsin ne da ruwan danƙo da launi, a mulmula kala-kala, a haɗa, a yanka yanka-yanka a manna, in ya bushe a yi ta gogewa da duwatsu daga mai kaushi zuwa mai laushi har ya yi ƙyalli. Wahalarsa ta sa wani lokaci ya fi na gaske tsada, amma yana ba ka launin da kake so a tsawon da kake so. A sama Tiepolo ya zana abubuwa biyu daga tarihin garin: ɗaurin auren Sarki Friedrich Barbarossa da Beatrix ta Burgundy a Würzburg a 1156, da naɗin bishop ɗin garin a matsayin mai riƙe da Franconia, yankin da garin yake ciki, a 1168. A hoton auren sarki ne a durƙushe, bishop a tsaye, fuskar bishop ɗin kuma ta Greiffenclau ce, mai biyan kuɗin aikin. Labulen zinariya da aka yaye a gefen hotunan filasta ne. A lokacin bikin kiɗan Mozart da ake yi nan tun 1921, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, zauren kan cika da kujeru da dandamali.

Ɗakunan alfarma sun miƙe hagu da dama daga nan, ƙofa na kallon ƙofa a layi ɗaya. Yawancinsu kallo ɗaya ya isa: darduman bango, murhun tangaran, gadaje, har da ɗakin da Napoleon ya kwana. Biyu ne suka cancanci tsayawa. A arewa akwai koren ɗaki wanda aka shafa wa launi a kan azurfa, da daɓen katako da ke yaudarar ido kamar yana da tudu da kwari. A kudu kuma ɗakin madubai, wanda bangonsa duka gilashi ne da aka yi wa zane ta baya. Aikin a juye ake yinsa, abin da zai fito gaba shi ake fara sawa, ƙwayar ido kafin fuska, fuska kafin bango, sannan a rufe da zinariya da ruwan madubi. Kada ka fita ba ka gan shi ba, in ƙofar ɓangaren a rufe take ka bi ɗan jagora.

Amma wannan ɗakin ba na asali ba ne. Daren 16 ga Maris 1945 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Würzburg ruwan bama-bamai masu ƙonawa na kusan minti ashirin. Wajen kashi 90 cikin ɗari na tsohon garin ya ƙone, mutum kusan 5,000 suka mutu. Fadar ta kama daga rufi, katakon jinka ya ci wuta ya rufto, ɗakuna suka ƙone ƙurmus. An riga an kwashe kujeru da darduma da allunan bango an ɓoye, amma madubban sun ƙi ciruwa ba tare da fashewa ba, suka tafi. Bakan Neumann kuwa ya ɗauki gungumen wutar da ya faɗo masa bai tsage ba, matakala da farin zaure da zauren sarki suka tsira. Sai dai sun zauna ba jinka, ruwan sama na sauka kai tsaye a bayan zanen. Wani hafsan sojan Amurka mai kula da kayan tarihi, John Skilton, shi ya nemo katako da takardar kwalta a garin da ba abin da ya rage, aka yi rufin wucin gadi a wannan shekarar. Ba don haka ba, da abin da wuta ta bari ruwa ya cinye. Sake ginin ya ɗauki fiye da shekara arba'in. Ɗakin madubai shi ne na ƙarshe, daga 1979 zuwa 1987, da taimakon tsoffin hotuna da guntun gilashin da ya tsira, sai da masu aikin suka sake koyon sana'ar tukuna. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa fadar cikin kayan tarihin duniya a 1981. Kusa da mafita akwai ɗaki mai hotunan ɓarnar, ka ba shi minti goma, zai sauya yadda kake kallon duk abin da ka wuce.

Cocin fadar yana kusurwar kudu, ƙofarsa daban daga waje, shiga kyauta. Daga waje ba za ka ce akwai coci a wurin ba, domin Neumann ya cusa shi ne cikin tsarin tagogin gidan, ciki kuwa babu bango madaidaici, ƙubbobi masu siffar ƙwai suna shiga juna. Barandar sama an yi ta ne don bishop ya fito daga ɗakinsa ya shiga ibada ba tare da ya sauko ba.

Lambun ma kyauta ne, a buɗe har faɗuwar rana. Ganuwar gari ta hana shi miƙewa, sai mai lambun, Johann Prokop Mayer, ya hau da shi kan ganuwar hawa-hawa. Ka hau can sama ta gabas, daga nan ne ake ganin bayan fadar gaba ɗaya. A kudu akwai itatuwan da aka aske kamar mazurari a kife, da lambun kayan miya da na 'ya'yan itace da aka ɗaure reshensu a jikin waya. Ƙarƙashin ginin rumbun giyar inabi ne na gwamnati, ana zagayawa da masu so, ni dai na wuce.

Awa biyu zuwa uku sun ishi ciki, awa ɗaya coci da lambu. Daɓen dutse ne da katako, ka sa takalmi mai laushi, da sanyi kuma kada ka bar rigarka a akwatin ajiya, domin manyan zaurukan ba su da ɗumi. Abincin yankin naman alade ya yi masa yawa, har tsiran da ake sayarwa a kasuwa, don haka mai kiyayewa ya nufi shagunan Turkawa da Larabawa da ke tsakanin Kaiserstraße da tasha, ya kuma tambaya kafin ya saya. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke a Jamus in ban da na cikin tasha, amma fadar a buɗe take. In da sauran rana, ka gangara tsohuwar gadar Main, tafiyar kwata ɗin awa, ka hango ganuwar Marienberg a kan tudu. Hawanta yana da tsayi, ka ware masa wata awa ɗaya da rabi zuwa da dawowa kafin jirginka.